Manyan da Lawali Ya Zaɓa

Tun da Lawali ya sayar da karsanar matarsa Laraba ya haƙa ramin kifi a bayan gidansu na Masama, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Karsanar gadon mahaifinta ce, da ƙyar ta yarda. Shi kuwa a bayan shanu ya tashi, kifi sai dai a miya ya san shi.

Duk wanda ya tambaya a kasuwar Gwandu, suna ɗaya ake ba shi: Albarka na Kalgo, mai ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada. Yabon ya yi yawa har ya fara sa shi zargi. Da ya je, ya tarar da mutumin yana tace kifi da rariya, ƙanana su wuce, manyan da suka maƙale ya ware su a baho. Lawali ya ƙura wa bahon ido. A kara, kasuwar shanu, dillalin da ya janye maraƙi mai ƙiba gefe ya san abin da yake yi.

Ya ce, "Malam, waɗanga manya hwa? Su nika so."

Albarka ya ce, "A'a, ɗan'uwa, ɗauki masu kai ɗaya. In ka gama su wuri guda, babba shina cinye ƙarami."

Lawali ya yi murmushin wanda ya san dawan garin. Ina aka taɓa jin ɗan uwa ɗaya ya ci ɗan'uwansa? Garke ma ai sai da bajimi. Ya kafe, har Albarka ya gaji ya juye masa manyan a jarka tare da sauran.

Da farko, in ya watsa abinci, ruwan tafasa yake yi. Sannu a hankali tafasar ta ragu, kuma ko gawar kifi ɗaya ba ta taso ba. Ya zargi tsuntsaye, ya shimfiɗa raga. Ya zargi guza, ya kewaye ramin da ƙaya. Har Albarka ya ɗora wa laifi, wai yabon banza ne ake masa. Gargaɗin mutumin ne kaɗai ya ƙi tunawa. In Laraba ta tambaya, sai ya ce lafiya lau, yana kallon wani wuri.

Ranar da tsoro ya fi ƙarfinsa, ya aro injin ban-ruwa ya janye ruwan ramin, ya shiga da komar kamun kifi. Ga manyan nan suna birgima a laka, kowanne ya kai damtse. Ya ɗaga ɗaya, sai ga wutsiyar ƙarami a bakinsa tana motsi. Sauran ƙananan da suka lafe a kusurwa ba za su cika ƙwarya ba.

Yana tsaye riƙe da shi Laraba ta leƙo ta kan darni, fuskarta cike da fara'a.

"Tubarkalla, maigida! Wanga ya yi kyau. Hiddo sauran in gani."