Sifikar Inci Uku

Babanmu kafinta ne. Shekara arba'in ya yi a tsaye kan injin yankan katako, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce "ban iya ba" ko "ban ji ba". Don haka ranar da ya dire wasu 'yan akwatuna biyu a tsakar gida, kowanne bai fi bulo girma ba, ya ce lasifika zai haɗa wa Inna, babu wanda ya yi masa musu.

"Kunnen uwarku ya fara nauyi," ya ce da ni da ƙarfi, kamar Inna tana wata unguwa, alhali ga ta nan zaune tana ɗinka masa maɓallin riga. "Ba ta jin saƙon yarinyar nan a waya."

Yarinyar nan 'yar yayana ce, shekararta huɗu, suna can nesa inda aiki ya kai ubanta. Aku muke ce mata saboda surutu. Kusan kullum sai ta turo saƙon murya, Inna ta kunna, Baba ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Madalla, madalla."

Na dubi Inna. Matar da take jin an buɗe murfin tukunya tana can ƙuryar ɗaki, wai ita ce kunnenta ya yi nauyi! Na ji haushi ƙwarai, amma ita ko a jikinta. Ta ciji zare ta ce, "Haka ne, Malam." Sannan ta ce in raka shi kasuwa in riƙe masa akwati ɗaya.

Akwatunan an goge su sumul, amma ba a huda gabansu ba, don sai an san girman sifikar da za a ɗaura sannan a yanka rami. Ita muka je nema wurin Kawu Mai Rediyo, abokin Baba tun suna samari. Shagonsa mutum uku ba sa shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ko'ina warin darma da ƙura, ga sifikoki tsirara rataye a ƙusa, manya da ƙanana, wasu daga tsoffin rediyo aka ciro su, wasu daga ƙofar mota.

"Mai guduma!" in ji Kawu. "Yau kuma sana'ata ka zo ƙwacewa?"

"Sana'ar me? Waya biyu ce fa, ja da baƙa. Ba ni waccan babbar."

Kawu ya sauko da ita, inci shida, da maganaɗisu mai nauyi a bayanta. Ya maƙala mata wayoyi ya saki kiɗa. Baba ya ɗora yatsu uku a gefen takardar da ke fuskarta, ya ji tana rawa, fuskarsa ta washe.

"Wannan ce!"

"Ina za ka cusa ta? Ta fi akwatinka faɗi. Ko ta shiga ma shaƙewa za ta yi, babbar sifika sai babban ciki. Kuma ganga kake nema ko magana?"

Baba ya ture ta gefe. Ya kai hannu ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya, irin wadda ake sawa don siririn sauti, ya ce a gwada masa. Kawu ya haɗa ta da wani ɗan inji, sai ga fito mai kaifi ya cika shagon. Na toshe kunne. Telan da ke maƙwabtaka ya leƙo yana yamutsa fuska. Baba kuwa ya ɗora yatsunsa a kanta, ya jira, ya ƙara jira.

"Wannan matacciya ce," ya ce. "Jefar da ita."

A nan na gane kunnen wa ya yi nauyi, na gane ma'anar "madalla, madalla" ɗin nan, na kuma gane cewa da yatsu mahaifina yake sauraro. Ashe duk surutun da jikarsa take zuba masa, bai san me take cewa ba. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don sau nawa na ce masa ba ya kula mutane idan ana magana.

Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya yi mini wani kallo ta saman tabaransa, na haɗiye. Ya zare wayar, fiton ya ɗauke.

"Gaskiyarka, ta mutu," ya ce, ya jefa ta a aljihun tebur. "To ga yadda za mu yi. Tunda uwargida ba ta zo ba, kai za ka zama kunnenta. Sa hannunka a aljihu. Juya mini baya. Duk wadda ka gane abin da ake faɗa a cikinta, ka yi magana."

"Wane irin wasan yara ne wannan?"

"Haka ake zaɓa wa mata. Kai dai juya."

Baba ya juya yana gunaguni. Kawu ya kamo tashar da wata mata take karanta labarai, ya dinga saka ƙananan sifikoki ɗaya bayan ɗaya a bakin wani kwali da ya huda. Ta farko, shiru. Ta biyu mai ƙyalli ce kamar sabon kwano, Baba ya ce hayaniya kawai yake ji. Ta uku ma haka. Ta huɗu wata mummuna ce mai inci uku, takardarta ta koɗe, daga tsohuwar talabijin aka ciro ta. A kunnena muryar matar har tsini ta yi, amma sai na ga wuyan Baba ya miƙe.

"Wai gobe za a yi ruwa," ya ce a hankali.

Ya juyo, ya ga abin da ya zaɓa, ya ɓata rai. Ya ɗaga ta a tafin hannu ya ce ba ta da nauyi, ba ta da kyau, za ta ɓata masa aiki.

"Muryar yaro siririya ce," in ji Kawu. "Manyan nan gurnani suke ƙarawa su danne ta. Wannan kuwa maganar take turowa gaba." Ya tona ƙarƙashin tebur har ya samo 'yar'uwarta, ya ƙara da ɗan amfilifaya, injin ƙara ƙarfin sauti. "Ka sa auduga a ciki, ka toshe duk wata kafa da gam. Ka ajiye su daidai kunne, kusa da inda uwargida take zama. Ko kusa da kujerar da ke gefen tata."

Kwana uku Baba ya yi yana aiki. Ranar ta huɗu da la'asar ya jera akwatunan a kan ɗan tebur tsakanin kujerarsa da ta Inna. Na haɗa wayar, na kunna saƙon da Aku ta turo da safe.

"Ban ji ba, Malam," in ji Inna. "Ƙara."

Ya murɗa maɓallin sautin.

"Har yanzu dai. Bari in gyara su." Ta miƙa hannu ta juya akwatunan biyu duka, suka kalli gefensa. "Yauwa. Sake daga farko."

Muryar ta fito tsaf, har da numfashinta. "Kaka, ni ce. Yau ma ba ka amsa ba. Na ce ka yi wa 'yar tsanata kujera, a ƙasa take zama. Kaka, kana ji na?"

"Ina ji," in ji Baba, ya sunkuya wajen akwatin. "Ina ji, uwata."

"Saƙo ne, Baba, ba kira ba ne," na ce.

Ya ɗora hannayensa duka biyu a kan gwiwa, bai taɓa sifikar ba. Can ya tambayi Inna tun yaushe yarinyar take neman kujerar.

"Wata uku ke nan."

"Wata uku! Shi ne ba ki gaya mini ba?"

Inna ta ɗauki ɗinkinta ta lalubi bakin allura.

"Ina na ji, Malam? Ai kunnena ya yi nauyi."

Ya kalle ta, ya daɗe yana kallonta. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya cire hula ya goge ido da ita. Ya ce in tambayo masa tsawon 'yar tsanar, sannan in koma can sama a wayar in kunno masa saƙonnin tun daga na farko.