Ƙwayar da Ta Ƙi Ƙiba

Kai ma ka sha wucewa ta ƙofar ɗakin gwajin nan kana kau da kai. Shekara biyu ke nan da ƙonewar ƙwan fitilar madubin duba ƙwayoyi, Oga, shugaban wurin, kuwa ya ƙi a sauya shi. Wai mai gwaji ta kiwata ƙwayar halitta guda har a gan ta da ido, in ba haka ba ranar Juma'a ya kore ta.

"Ranka ya daɗe, ba tunkiya ba ce," in ji ta. "Ta fatarta take ci. In ta girma abinci ba ya kaiwa tsakiyarta, sai ta rabu biyu."

"Rashin ɗa'a ne! Ko kuma rowa kike mata!"

Ta ɗiga shuɗin ruwan gwaji a romon da take ba ƙwayar, ya koma shunayya, alamar akwai furotin. Oga ya ce launin bai yi masa ba.

Ranar Juma'a ƙwayar ta zama miliyan. Oga ya sa ta buga wa kowacce takardar kora, tata ce ta ƙarshe. Yanzu tana kan ta ɗari huɗu.

Kafin ta kai tata, tashi ka je ka sauya ƙwan fitilar nan!