Yatsan Alhaji Badamasi

A Tafoki yanzu ba a cinikin kirki a bainar jama'a. Ka sayar da sa da hantsi, kafin la'asar labari ya isa daji, kuma ba ka san bakin wa ya kai ba. Shi ya sa da asibiti suka ce sai an yi wa matar Mani aiki, bai nemi dillali ba, bai kira shaidu ba. Ya shiga manhajar da suke tura kuɗi, wadda ake aika saƙon murya a asirce, ya gaya wa amininsa Alhaji Badamasi cewa zai ba shi jinginar gonarsa ta bakin rafi.

Alhaji ya turo kuɗin, ya biyo da murya: "Jingina ce, Mani, ba saye ba. Ran da ka samu ka kawo, ka amshi gonarka. Kada kowa ya ji."

Kowa kuwa bai ji ba.

Tsoro ya koya wa mutanen yankin wata al'ada. Kafin ka hau hanyar Ƙanƙara sai ka goge wayarka tas, don idan aka tare mota, waya ake fara bincikawa a ga mai abin hannu. Mani ya goge saƙon da hannunsa, har yana jin kansa mai wayo.

Matar ta warke. Ya yi ta ƙwadago a gonakin mutane har ya haɗa abin fansar gonarsa. Sai dai kafin ya kai, Alhaji ya kwanta ɗan gajeren ciwo, ya ce ga garinku nan. Gona ta faɗa cikin gado.

Mas'ud, babban ɗan Alhaji, ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba da haushi, don mugu ko ba komai ka zage shi ka huce.

"Baba Mani, wallahi Alhaji bai taɓa ce mani jingina ba," in ji shi. "Cewa ya yi gonar ta dawo hannunmu. Ga ƙannena marayu. In na ba ka babu hujja, mi zan hwaɗa masu?"

Mani ya tafi Ƙanƙara wurin Mansura, mai shagon cire kuɗi, ta kira masa kamfanin manhajar. Aka bar su da kiɗa a kunne har ransa ya ɓaci, sannan wata murya mai ladabin banza ta yi bayani.

"Sun ce suna ganin kuɗi sun hita daga wurin Alhaji sun shigo wurinka," in ji Mansura. "Amma maganar da kuka yi a kulle take, su ma ba su da mabuɗi."

"Manhajar tasu ce hwa!"

"Haka aka gina ta, Baba, don kada kowa ya ji sirrinka."

"To ai ga shi ba a ji ba," in ji Mani.

Wato abin da zai kayar da shi kamfani ya adana, abin da zai tsamo shi kuwa sai haƙuri.

A zauren mai gari, Mas'ud da kansa ya kawo wayar mahaifinsa. Alhaji ya daɗe da daina tafiye-tafiye, bai goge komai ba. Aka kunna, aka taɓa manhajar, sai ta nemi babban yatsan mai ita. Lambar sirrin kuma Alhaji ya tafi da abarsa. Mansura ta riga ta gargaɗe su cewa idan aka sake saita wayar, asusun zai dawo, saƙonnin kuwa sun tafi har abada.

Mas'ud ya ɗora yatsansa, ta ƙi. Mani ma, don takaici, ya ɗora nasa. Kowa a zauren ya san inda yatsan da take nema yake.

"Malam Mani," in ji mai gari, "ban ce ƙarya kake ba. Amma ba shaida, ba ni da abin kamawa. Gona tana hannun magada."

Da za a tashi, Mas'ud ya miƙa masa wayar da hannu biyu. "Riƙe ta, Baba, ko Allah zai kawo dabara."

Ruwan shuka ya sauka, shanun Mas'ud suka shiga gonar bakin rafi. Mani kuwa duk ranar kasuwa sai ya kai wayar mamacin wurin mai caji, ya biya, ya zauna yana gadinta. Shaidarsa ke nan guda a duniya, ba zai bari ita ma ta mutu ba.