Muryar Anselme

A shekarun can baya mu matasan masu shirya fim a Paris gani muke mun fi kowa wayo. Kyamarar da muke saɓawa a kafaɗa mu bi titi da ita ƙara gare ta kamar keken ɗinki, don haka hoto kawai muke ɗauka, daga baya a kira 'yan wasa ɗakin sauti su sa muryoyinsu. Ni ce mai haɗa hoto da murya.

Gaspard, daraktanmu, ba ya jin shawarar kowa. Ya ga tsoho Anselme mai sayar da jarida a bakin gada, fuskarsa ta burge shi. Ya tsayar da shi wuni guda cikin ruwan saman watan Nuwamba, ya ce ya yi ta motsa baki kawai, kalmomi sai daga baya. Kafin ranar ɗaukar murya sanyi ya kama ƙirjin tsohon, ya rasu. Gaspard ya ɗauko wani ɗan wasan rediyo, ni kuma na ɗora muryarsa a bakin mamaci, har da alfaharin yadda ta zauna daram.

Bayan wata biyu matar Anselme, Léonie, ta hawo benenmu tana haki. An gaya mata mijinta yana magana a fim ɗinmu. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba ta da muryarsa a ko'ina, tana so ta ƙara ji ko sau ɗaya. Na kasa faɗa mata gaskiya, kuma tsoro ne ya hana ni, ba tausayi ba.

Na kunna. Anselme ya bayyana, wata murya mai santsi tana zuba hikima a kan ƙauna da mutuwa.

"Wane ne wannan, 'yata?"

Na yi mata bayanin yadda muke aiki, kunya kamar ta kashe ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in kashe sautin in maido hoton. Ta matso, ta ƙura wa bakinsa ido, ta sa na maimaita har sau uku. Na tambaye ta me yake faɗa.

"Cewa yake, 'Ɗana, ƙafafuna sun mutu, saura da yawa?'" Ta gyara ɗankwalinta. "Sau huɗu ya tambaya. Ba wanda ya ji shi ne?"

Ina wurin ranar. Ni ce na riƙe wa kyamara lema.