Guzurin Kwana Ashirin

"Awa ɗaya da kwata?" in ji Fanta. "Likita, ni za ka mayar yarinya? Kakana kwana ashirin yake yi da ayari kafin ya hango hasumiyar Agadas."

Kyari, mijinta na wata biyar, ya yi murmushi. Suna tsaye a inuwar wata bishiyar bedi, bakin filin jirgin Damagaram, sojoji na ta loda buhunan jar dawar taimako a cikin jirgi. Damina biyu ke nan sama ta riƙe ruwanta, kuma an tura shi aikin jinya a sansanin waɗanda yunwa ta koro zuwa Agadas. Ya roƙe ta su tafi tare, ta ƙi. Innarta na kwance a unguwar Birni, idonta ya tafi, kuma Fanta ba za ta sa hamadar kwana ashirin tsakaninta da tsohuwa ba.

Ya duƙa ya ja layi a ƙasa da tsinke. Ya ce in aka bi ta sama, kilomita ɗari uku da saba'in ne kawai, ba zango, ba rijiya, ba sauke kaya. In ta ɗora tukunya lokacin da jirgi ya tashi, kafin wake ya nuna, jirgin ya sauka.

Sai a lokacin ya ɗaga jakar fatar da ta riƙo masa, ya ji nauyinta. Tukuɗi ne cike, da dabino. Ya gane geron. Shi ne ɗan abin da kawunta ya aiko daga ƙauyen Droum, wanda take aunawa da tafin hannu kullum safe. Duka ta dake, don kada yunwa ta kama shi a hanya. Ya sunkuya yana kallon jakar.

Fanta kuwa ta ɗaga kai. Sama fes, shuɗiya, ko ƙyallen girgije babu. A zuci ta ga kanta a can sama cikin jirgi, duwatsun Damagaram sun koma kamar tsakuwar dara, garin Tanut ya wuce ƙarƙashin ƙafarta kafin ta gyara ɗankwali. Ta ga raƙuman kakanta a jere, ƙanana kamar tururuwa, tsohon yana ɗago rawani yana kallonta. Ashe nisan da take tsoro tun tana goye bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Aka kira fasinjoji. Kyari ya raba tukuɗin, ya mayar mata da mafi yawa, ya ce na Inna ne. Ya ƙara da cewa jirgin na zuwa duk Alhamis, kuma akan bar iyalin ma'aikata su zauna kan buhu.

Ta bi bayansa da ɗan ƙyalle a hannu. Da ma Inna ta ce mata ta ɗebo ƙasar sawunsa na ƙarshe ta ƙulle, don matafiyi ya dawo gida. Amma ya riga ya hau kwalta. Ta duba, ta sake dubawa, babu sawu ko ɗaya, sai zafi na rawa a kan baƙin dandali.

Ta miƙe, ta ɗaga murya sama da ƙugin injin.

"Likita, ba ka bar mini sawu ba. Zan kai Inna wurin yayata Kellu, ran Alhamis ina bisa buhu."