Lahadin da Coci Ya Yi Tsit

Ana tsakiyar addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, sai wata yarinya ta ƙwalla ƙara ta hau tafi. Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Maman Tagwaye, shugabar matan da ke tarbar baƙi a ƙofar coci, ta ji kamar ita ake harara, domin ita ta kamo hannun uwar yarinyar ta zaunar da su a wannan benci.

A shagonta na ɗinki suka saba. Matar sabuwar zuwa ce unguwar, wankau take yi, mijinta kuma ya tsere tun ranar da likita ya ce 'yarsu ba za ta yi magana kamar sauran yara ba. Maman Tagwaye ta ce mata ta zo coci, gidan Uba ne, ba a korar kowa. Lahadin farko aka tashe su tsaye aka yi musu waƙar maraba, mata suka yi ta rungumar mai wankau har ta yi hawaye.

Yau kuwa da aka tashi, katekis, mataimakin Fada, ya ja Maman Tagwaye gefe. Ya ce ba korarsu ake yi ba, Allah ya kiyaye, amma tsofaffi sun yi ƙorafi, mawaƙa ma tana rikita su. Ko za ta lallaɓa uwar su riƙa zama a waje, gindin taga? Ai daga can ma ana jin wa'azin Fada tar.

"Ke ce kika iya baki," in ji shi yana murmushi.

Ta kuwa iya. Ta ce wa matar waje ya fi iska, yarinya za ta fi sakewa. Mai wankau ta dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ta ce, "Ba komai, Yaya."

* * *

Haka suka koma gindin taga, rana ta doke su, ruwa ya feso musu. Kowace Lahadi Maman Tagwaye takan ce a ranta yau za ta fita ta zauna da su, sai wani baƙo ya shigo da iyalinsa tsaf-tsaf, ta tafi nema musu wuri a gaba.

Wata Lahadi sai ga mai wankau ita kaɗai, ta shigo ciki ta zauna. Aka yi addu'a tsit, kowace kalmar Fada ta fita sarai. Matar katekis har da tambayarta ina ta sayi ɗankwalinta. Maman Tagwaye ce kaɗai ta kasa sakewa. Da aka fito ta tare mai wankau, ta tambayi wa aka bar wa yarinyar.

Hannun mai wankau ya kai kan ɗan makullin da ta ƙulle a bakin zani.

"Ni ma ina so in karɓi jibin Ubangiji kamar kowa, Yaya," ta ce a hankali.

* * *

Maman Tagwaye ta bi ta gida. Ɗaki ne guda a ƙarshen wani lungu, igiyoyin shanya sun cika ƙofarsa da rigunan mutane. Tagar a rufe take da kwali don kada maƙwabta su ji ƙara. Mai wankau ta kwance makullin ta zura a kwaɗon da ke ƙofar.

Kwaɗon ya buɗe. Yarinyar na zaune a ƙasa dab da bayan ƙofa, muryarta ta dushe. Ita da kanta ta jawo rigarta ta zuwa coci ta sa a bai-bai, ta zura takalmin dama a ƙafar hagu, tana jira a zo a tafi da ita.