Rabin Aski Ranar Buɗe Iyaka

Wata takwas ke nan da aka ƙaƙaba wa ƙasar da 'yata ke aure takunkumi, aka rufe iyaka. A can ta haihu. Ranar da aka ce motar farko za ta shigo da su, hankalina bai kwanta ba, don jaririn ba shi da takardar haihuwa, ana ta cewa za a mayar da irinsu. Duk da haka na tafi aski, kada jikana ya fara ganina buzu-buzu.

Mai askinmu yana da hali guda: in gardama ta yi zafi sai ya kashe inji ya riƙa nuni da shi. Ina ganin Dogo mai gyaran rediyo a kan benci, na san yau akwai gardama.

An aske gefen dama ke nan Dogo ya ce, "Sojojin da manyan ƙasashe suka tura can dai ceton talaka suka je yi."

Mai aski ya kashe inji. "Ceton talaka? To me ya kai sansaninsu bakin ramin zinariya, ba bakin asibiti ba?"

"Takunkumin fa ya sa masu mulkin can sun sauko."

"Ka ga wanda wandonsa ya zame a cikinsu? Ga wanda ya rame nan!" Ya ƙwanƙwasa ƙeyata. "Kai ne alƙali, raba mu."

Na ce, "Ni ban san zuciyar kowa ba. Unguwar su 'yata ta daina jin harbi, gaskiya ne. Ranar naƙudarta kuma shagon magani huɗu aka zaga babu allura. Don Allah ƙarasa min askina."

Kowa ya ce shi na ba gaskiya. Sai wayata ta yi ƙara.

"Baba, mun shigo! Muna tasha, kana ina?"

Ban san lokacin da na fita ba, ƙyallen aski a wuya, hulata na rataye jikin ƙusa.

Ina isa tasha, 'yata na hango ni ta durƙusa don dariya, har da hawaye. "Baba, wa ya yi maka haka?"

"Manyan ƙasashe," na ce, na karɓi yaron.

Sai ga Dogo a babur, ya goyo mai aski da hulata a hannu, suna tafe suna gardama.

"Zauna in ƙarasa maka," in ji mai aski.

Jikana ya riga ya damƙi gashin da ya rage, ya ƙi saki.

Na ce, "Bar shi. Wannan ɓangaren ya samu mai shi."